Matambayi Ba Ya Ɓata: "Maigidana yana awa 15 a wajen aiki, wai doka ce ta yarda?"

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon wasiƙu biyu ne suka zo kusan lokaci ɗaya, ɗaya daga Ingila ɗaya daga Kano, kuma duk kuka ɗaya suke yi, shi yasa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Birmingham da maigidana da yaranmu uku, shekara biyu kenan da ya samu lasin babbar mota ya fara jan tirela yana kai kaya manyan shaguna. Da farko mun yi murna don kuɗin ya fi na aikinsa na da, amma yanzu wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Ƙarfe 4 da kwata yake fita ya kama aiki ƙarfe 5, ba zai ajiye mota ba sai 8 na dare, ya shigo gida 9 saura kwata, wani lokacin cokali na hannunsa barci zai ɗauke shi. A sati sai ya yi haka sau huɗu ko biyar. In na yi magana sai yace ai doka ta yarda da awa 15, kuma manajansu yace in ba zai iya ba akwai masu jira. Satin da ya wuce da bakinsa ya ce min ya wuce inda zai sauka daga babban titi bai ma san ya wuce ba. Dan Allah da gaske doka ta yarda da haka? Kuma me zan ce masa ya ji?
Daga wata baiwar Allah, Birmingham.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika damu har kika rubuto. Maganar da kika rufe da ita ce ta fi ɗaga min hankali, zan dawo kanta, amma bari mu fara da dokar tunda da ita yake kafa miki hujja.

Maigidanki bai yi miki ƙarya ba, rabin zancen aka gaya masa. Dokar da direbobin manyan motoci ke bi a Ingila, wato motar kaya da nauyinta ya haura tan 3.5, asalinta ta Tarayyar Turai ce mai lamba 561 ta shekarar 2006, kuma da Birtaniya ta fice daga tarayyar ba ta yar da ita ba, ta ci gaba da aiki da ita. In kika bi ta daga farko har ƙarshe babu inda aka rubuta cewa direba ya yi awa 15. Abin da ta ce shine daga lokacin da ya kama aiki, cikin awa 24 ɗin nan dole ya samu hutun awa 11 a jere. Toh ki cire 11 daga 24, saura 13, wannan shine asalin iyakar yininsa. Sai aka yi rangwame aka ce zai iya rage hutun zuwa awa 9, kinga in an cire 9 saura 15, daga nan 15 ɗin ta samo asali. Amma rangwamen nan sau 3 ne kacal tsakanin hutun mako ɗaya da na gaba, kuma ko minti ɗaya ya ɗora a kan 13 ɗin an lissafa ya cinye guda daga cikin ukun, ba sai ya kai 15 ba. Don haka sau huɗu ko biyar da kike faɗa, na huɗun da na biyar ɗin sun fita daga doka, sai dai in a tsakiyar yinin ana ba shi hutun awa 3 cur a jere ba ya taɓa komai sannan da dare ya yi 9, wannan kam an yarda da shi ko kullum ne. Ki tambaye shi ko yana samun wannan awa ukun. Daga yadda kika kwatanta shigowarsa gida, ina zaton amsar a'a ce.

Shi kuma tuƙin kansa lissafinsa daban. Awa 9 a rana, sau biyu a mako zai iya kaiwa 10. A mako kar ya wuce 56, a mako biyu a jere kar ya wuce 90. Duk awa 4 da rabi na tuƙi sai ya huta minti 45, zai iya raba shi 15 sannan 30 amma ba zai juya ya fara da 30 ya ƙare da 15 ba. Bayan kwana 6 na aiki dole ya shiga hutun mako na awa 45, in an rage shi zuwa 24 to bashi ne sai an biya shi daga baya.

Akwai kuma wata doka ta biyu ta 2005 da ke kallon aikin gaba ɗaya, tuƙi da lodi da sauke kaya da duba mota da cike takardu. Ita ta ce a mako guda kar a wuce awa 60, kuma in aka yi matsakaicin lissafi na mako 17 kar ya haura 48, in da yarjejeniya da ma'aikata a kan ja lissafin zuwa mako 26. Sannan duk wanda aikinsa ya taɓa tsakanin 12 na dare da 4 na asuba to awa 10 ne iyakarsa sai in akwai yarjejeniyar da ta ɗage hakan. Za ki ce toh Malam, 15 sau uku da 13 sau biyu ai 71 kenan, ya aka yi suka shige cikin 60? Anan ne wayon yake. Lokacin hutu ba ya shiga lissafin, haka ma lokacin jira da suke kira POA, wato ka isa sito aka ce maka sai nan da awa biyu za a buɗe maka ƙofa. A takarda wannan ba aiki ba ne, amma mutum yana zaune a kujera da rigar aiki, ido na kan waya ana jiran a kira lambarsa, ba gida yake ba ba kuma barci yake ba.

A gaban motarsa sama da gilashi akwai wata 'yar na'ura kamar rediyon mota, takograf, yana zura katinsa mai hotonsa a ciki kafin ya tada mota. Tana da alamomi huɗu, sitiyari na tuƙi, guduma biyu a gicciye na sauran aiki, wani ɗan murabba'i da aka ja wa layi na jira, sai gado na hutu. Tambayar da nake so ki yi masa cikin lallami ita ce, lokacin da yake jan kaya a bayan tirela gumi na zuba, a kan wace alama na'urar take? Don direbobi da yawa a kan gado suke barin ta don lokaci ya ishe su, kuma wannan sunansa ƙaryata bayanai, laifi ne da kan kai mutum gidan yari, ba na tara kawai ba. Jami'an DVSA, hukumar da ke binciken manyan motoci da direbobinsu a can, in suka tare shi a hanya suna iya karanta kwana 28 na baya daga katin, tun 2018 aka ba su ikon cin tarar har fam 300 a kan kowane laifi har guda biyar, kinga fam 1,500 a tsaye a bakin titi, kuma daga aljihunsa ba na manaja ba. In abin ya yi yawa sai a tura shi gaban kwamishinan sufuri wanda ke iya dakatar da lasin ko ƙwace shi. Shi ma kamfanin doka ta ɗora masa tsara aiki yadda direba zai iya kiyayewa, kuma ta hana a biya direba bisa yawan nisa ko yawan kaya in hakan zai tura shi ganganci, amma dai wanda ake fara riƙewa shine wanda hannunsa ke kan sitiyari.

Toh Hajiya yanzu mu ajiye doka mu yi lissafin gidanki, don ko da sau ukun kawai yake yi ni ban gamsu ba. Ya sauka 8, zai koma 5, awa 9 kenan a takarda. Hanyar gida zuwa da dawowa ta ci awa ɗaya da rabi, kuma a cikin hutun nasa take fita, doka ba ta san da ita ba. Saura 7 da rabi. Wanka, cin abinci, sallolin da ke kansa, yara su ɗan gan shi, shirin fita da asuba, in an yi sa'a ya samu barcin awa 5. In rani ne a can da isha ke kaiwa kusan 11 asuba kuma ta shigo tun wajen 3 sai abin ya ƙara tsukewa. Mutum mai barcin awa 5 kwana uku a jere shi aka damƙa wa tan 44 yana tafiya da gudun kilomita 90 a awa. Waɗanda suka yi dokar sun sa 15 ne a matsayin bango na ƙarshe saboda ranar da hanya ta cushe ko aka riƙe ka a wajen sauke kaya, ba wai a riƙa tsara wa mutum yini a kai tun daga ofis ba. Duk kamfanin da ya mayar da bangon nan wurin zama na kullum ni a ganina ya ci amanar ma'aikatansa ko da takardunsa sun fita tsaf.

Wuce mahaɗar nan da ya yi bai sani ba, ba mantuwa ba ce. Barci ne ido a buɗe, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu ba tare da ta nemi izinin mai ita ba. A gudun kilomita 90 mota na cin mita 25 duk daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa 4 kawai ta shafe mita 100, kusan tsawon filin ƙwallo ba kowa a sitiyari. Binciken da aka yi a Ostareliya ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, yadda hankalinsa ke amsa abu ya yi daidai da wanda ya sha giya har ta kai ma'aunin 0.05 a jininsa. Maigidanki da ya tashi 3 da rabi na asuba, kafin ya iso ƙofar gida da dare ya cika awa 17 ɗin nan cif, kuma a lokacin yana tuƙa ƙaramar motarsa ne zuwa gida, tafiyar da ba ta cikin kowace na'ura.

Abin da zan ce ki yi, kar ki tare shi da faɗa yana shigowa, mai gajiya ba ya jin nasiha. Ki bari ranar hutunsa ya yi barci ya ƙoshi ya ci abinci, sai ki ce ya ciro miki takardar da na'urar ke bugawa, siririya ce kamar rasit ɗin POS, ku zauna ku ƙirga da biro kwana nawa ya haura 13. In kun ga sun wuce uku, ya rubuta wa manajan a saƙo ba da baki ba, cikin ladabi, cewa ya cinye rangwamensa na mako gobe 13 ce iyakarsa, ya ajiye saƙon da amsar. Ya shiga ƙungiyar ƙwadago, Unite na da direbobin manyan motoci da yawa, akwai kuma Acas da ke ba ma'aikata shawara kyauta, ita ma DVSA tana karɓar rahoto ba sai ka faɗi sunanka ba. Zancen akwai masu jira kuwa kar ya razana shi, a 2021 sai da ƙungiyar masu manyan motoci ta ƙasar ta ce ana ƙarancin direbobi kusan 100,000, mai lasin tirela da kati mai tsabta ba ya rasa inda zai nufa, wanda katinsa ya cika da laifi ne ke wahalar samu. Sannan in yana minshari mai ƙarfi ko kina jin numfashinsa na tsayawa cikin barci ki matsa ya ga likita, akwai ciwon toshewar numfashi da ke sa mutum ya kwana ya tashi kamar bai kwanta ba, kuma ana maganinsa a ci gaba da tuƙi. Allah ya tsare miki shi.

TAMBAYA: Salam Malam, ni direba ne shekarata 14 a kan hanyar Kano zuwa Legas, yawanci tumatir da albasa nake ɗauka. Oga ba ruwansa da barcinka, shi dai kaya su isa Mile 12 kafin su lalace, in ka makara a cire a kuɗinka. Da goro da shayi nake maneji, wasu yaran kuma yanzu ƙwaya suke sha. Na ji ance a Turai na'ura ce ke cewa direba ya tsaya. Mu nan akwai wata doka kuwa ko dai Allah ne gatanmu?
Daga wani direba, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Direba, sannu da hanya, Allah ya ƙara tsarewa. Na'urar ba ta kashe mota, rubutawa kawai take yi tana yi wa direba gargaɗi in lokacin hutu ya kusa, tsoron abin da ta rubuta ne ke tsayar da mutum. Mu ma a takarda ba a bar mu haka ba, ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 suna da sashen da ya iyakance tsawon tuƙi, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da aka kafa tun 1988 kullum tana nanata a huta bayan awa 4. A 2017 ta fara tilasta na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Amma gudu daban, gajiya daban, jami'in da ya tare ka a hanya zai ga tayarka da lasinka da takardun mota, ba shi da abin da zai duba ya san rabonka da barci tun shekaranjiya. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya tun 1979 ta fitar da ma'auni, hutu bayan awa 4, tuƙin awa 9 a rana, 48 a mako, sai dai ƙasashe ƙalilan ne suka rattaba hannu.

Kai ka fi ni sanin hanyar. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, ko da 50 kake tafiya ba ramuka ba shinge ba gosulo, awa 20 ne na tuƙi zalla, wato a ma'aunin can aikin yini biyu har da ɗori. Mu kuma a nan mutum ya yini a Kwanar Gafan ana lodi yana tsaye yana ƙirga kwando, la'asar sakaliya ya tada mota, ana so ya raba dare har ya kai Mokwa ko ya tsallake Jebba bai runtsa ba.

Ina yaro na taɓa bin kawuna, Allah ya jiƙansa, a gaban motarsa lokacin hutun makaranta. Wajen ƙarfe 3 na dare mun wuce Tegina, ya tauna goro har haƙoransa sun yi ja, ya sauke gilashi iska na dukan fuskarsa, ya sa yaron mota ya yi ta ba shi labari, can sai na ga yana marin cinyarsa da kansa. Ban san me ke faruwa ba sai da na ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, motar ta sauka daga kwalta ta karkata, kwanukanmu suka zubo daga sama. Ya fizgo ta da salati. Bai ce uffan ba, garin da muka fara samu ya gangara gefe, yaron ya sa weji a taya, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a gindin mota ya ce ko duniya za ta tashi kar a tashe shi sai an kira sallah. Mai motar ya zaftare masa kuɗi a wannan tafiyar, amma ya yi shekara 20 bayan nan yana tuƙi, a kan gadonsa ya rasu. Tsakanin 2 zuwa 6 na asuba jikin ɗan Adam barci yake nema ko ya so ko bai so ba, haka ma bayan azahar, kuma duk dabarun nan na goro da iska da kiɗa 'yan mintoci kawai suke saya maka. Ko sallah da ta fi komai, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi wanda gyangyaɗi ya kama yana cikinta ya kwanta har barcin ya sake shi, balle tirela cike da kaya ga mutane a zaune a saman lodi.

Ƙwaya kuwa ka gaya wa yaran nan da babbar murya, tiramol ba ya kore barci, ɓoye maka shi yake yi har ya zo ya ɗauke ka lokaci guda, kuma in ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ka yi tunanin wannan a gangaren Jebba.

Na san ba za ka iya ce wa oga ka karanta a mujalla ba, kuma na san wani wurin tsayawar ma haɗari ne saboda ɓarayi, shi yasa nake ganin maganar ta fi ƙarfin direba ɗaya, ta shugabannin tasha ce da ƙungiyar direbobi ta NURTW da masu motoci na NARTO, su ne za su iya cewa motar kayan gwari ba ta tashi sai da direba biyu masu lasin. A Turai ma in direba biyu ne a mota ana ba su har awa 21 kafin su yi hutun awa 9, don ɗaya na tuƙi ɗaya na hutawa, kuma kuɗin direba na biyu bai kai kuɗin taya ɗaya ba balle kan mota. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannunka shine ranar lodi ka bar wa yaronka ƙirgar kwando ka samu inuwa ka yi barcin awa uku ko huɗu, kuma tun kafin ka murza makulli ka gaya wa mai kaya garin da za ka tsaya, Tafa ne ko Mokwa ko Ogere, a gaban shaidu, don kar ya zo yana kiranka a waya ƙarfe 3 na dare yana tambayar kana ina. In gyangyaɗi ya zo kafin can, ka sha shayinka mai kauri ka kwanta nan take na minti 20, kafin ka farka shayin ya fara aiki, wannan zai kai ka tasha ta gaba ne kawai inda za ka yi barcin gaske.

Masu tambaya a kan fansho da inshorar direbobi ku yi haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.